HENRI MIGNET: Mai gyaran rediyon da ya koya wa talakawa haɗa jirgin sama a gida

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa sauke babura a kwali, ko a Garwa-Bulai, ko a Beloko, ko nan Kilomita Biyar, ya san yadda harkar take. Babur yana zuwa a kwance, taya daban, kai daban, fitila da madubi a cikin leda, sai a miƙa wa bakanike da yaransa su ɗaure shi tsakanin azahar da la'asar, a zuba mai, a taka, ya tashi. To, mai karatu, a wasu ƙasashen haka ake sayar da ƙaramin jirgin sama. Mutum zai biya kuɗi a aiko masa da akwatuna har ƙofar gida, ya shiga garejinsa ya yi ta ɗaurawa da kansa, wani shekara biyu, wani shekara goma, sannan ya shiga ciki ya tashi sama. Mutumin da ya fi kowa cusa wa talakawa wannan tunani wani Bafaranshe ne mai suna Henri Mignet, ana furta sunan Anri Minye, kuma shi ne filin namu ya ɗauko a wannan makon.

An haifi Mignet ranar 19 ga Oktoba 1893 a garin Saintes da ke yammacin Faransa, wato shekara huɗu kacal bayan da Faransawa suka kafa sansaninsu a bakin kogin Ubangi, wanda ya zama Bangi. Yana ɗan shekara goma sha biyar Louis Blériot ya ƙetare tekun da ya raba Faransa da Ingila a cikin jirgi, a watan Yulin 1909, ƙasar duk ta ɗauki zancen jirgin sama kamar yadda yaranmu suke ɗaukar zancen ƙwallo. Yawancin samarin lokacin sun tsaya ga kallo da tafi. Shi kuwa a 1911 sai ya ɗauki alƙalami ya fara rubuta wasiƙu zuwa Jamus, ga Gustav Lilienthal, ƙanen Otto Lilienthal, mutumin da ya shahara wajen shawagi da fukafukan da ba su da inji har ya faɗo ya mutu a 1896. A 1912 Mignet ya haɗa nasa jirgin marar inji, ya sa masa lamba HM.1, wato haruffan farko na sunansa. Da wannan lambar ya ci gaba da ƙirga jiragensa har ƙarshen rayuwarsa.

Da Yaƙin Duniya na Farko ya ɓarke a 1914 an ɗauke shi soja, amma ba a ba shi jirgi ba. Sashen sadarwa aka kai shi, yana aiki da na'urar rediyo, kuma a 1918 zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da shi a asibiti. Sana'ar rediyo ita ce ta zama abincinsa bayan yaƙi. Mu da ke aikin rediyo mun san irin waɗannan mutane: ba sa yarda cewa wata na'ura ta fi ƙarfin a buɗe cikinta a gani, kuma in ka ba su akwatin da ya mutu, sai sun tone shi har ya yi magana. Da wannan hali Mignet ya fuskanci jirgin sama, ba tare da wata takardar shaidar injiniyan jirage ba.

Shekarun 1920 shekarun wahala ne a gare shi. Ya ƙera jirgi bayan jirgi, wani ya ƙi tashi, wani ya tashi ya faɗo, har da wani yunƙuri na jirgi mai saukar ungulu wanda bai kai ko'ina ba. Kuɗi suka ƙare, a 1925 sai da ya koma kiwon kaji don ya samu na sayen katako da gam. A wannan shekarar ce, ranar 1 ga Nuwamba, jiragen sojan Ingila uku da suka taso daga Masar suka sauka a Kano, karon farko da Kanawa suka ga jirgin sama a ƙasa. A wancan zamani jirgi kayan gwamnati ne da soja da 'ya'yan masu kuɗi, a Kano da Paris duka. A 1926 Mignet ya auri Annette Triou, wadda ta zama abokiyar aikinsa, tana bin sa duk inda ya je gwaji.

Sai a 1928 ya dace da wani ƙaramin jirgi, HM.8, wanda ya tashi sosai. Maimakon ya ɓoye sirrin ya nemi kamfanin da zai saya, sai ya riƙa rubuta yadda ya yi a wata jaridar harkar jirage mai suna Les Ailes, daga baya ya tattara bayanin a littafi. Mutane da dama suka bi bayanin suka ƙera irinsa. Amma shi kansa bai gamsu ba, saboda wani dalili da ba kowane namiji zai yarda ya faɗa a bainar jama'a ba: bai iya tuƙi sosai ba.

A nan ya kamata mu ɗan tsaya, domin in ba a fahimci wannan ba, ba za a fahimci sauran labarin ba. Jirgin da aka saba da shi ana sarrafa shi ta hanya uku a lokaci guda. Matuƙi zai ja sanda baya ko ya tura ta gaba, hancin jirgi ya ɗaga ko ya sunkuya. Zai kai sandar dama ko hagu, jirgin ya kishingiɗa. Sannan ƙafafunsa biyu suna kan wasu matakai da ke juya jelar jirgin. Dole hannu da ƙafa su tafi tare. In kuma gudu ya ragu fiye da kima, iska ta daina ɗaukar fiffike, jirgin sai ya saki jiki ya faɗo yana juyawa kamar ganyen da ya bar reshe, kuma wannan shi ne abin da ya fi kashe sababbin matuƙa a lokacin. Mignet ya ga cewa shi dai hannunsa da ƙafarsa sun ƙi jituwa. Wani da sai ya haƙura ya koma kan rediyonsa. Shi kuwa sai ya yanke cewa laifin na jirgin ne, kuma jirgin za a sauya.

Ya tattara kayansa ya koma wani daji kusa da garin Soissons, arewa maso gabas da Paris, ya kafa tanti, yana ƙerawa yana gwadawa a wani fili da ke gefen dajin. Daga HM.9 har zuwa HM.13 babu wanda ya biya bukata. Ranar 10 ga Satumba 1933 ne HM.14 ya bar ƙasa.

Wanda duk ya ga hoton wannan jirgi sai ya yi murmushi. Jikinsa kamar akwatin katako mai tsawon kusan mita uku da rabi, mutum ɗaya yake ɗauka, kansa a waje iska na dukansa. Fukafukansa biyu ne, ɗaya a gaba a saman kan matuƙi, ɗaya a baya can ƙasa kaɗan, dab da na gaban. Injinsa na babur ne, ƙirar Aubier et Dunne, mai ƙarfin doki 17, an haɗa shi da farfelar katako. Kayan aikinsa falankin katako ne siriri, da yadi, da gam, da ƙananan ƙusoshi, da 'yan bututun ƙarfe, irin abin da kafinta da maƙeri za su iya samu a kasuwa. Dabarar kuwa tana cikin tuƙi. Babu matakan ƙafa ko ɗaya. In matuƙi ya ja sanda baya, fiffiken gaba gaba ɗayansa ne yake lanƙwasawa ya ƙara kamun iska, jirgi ya hau. In ya kai sandar gefe, babbar jelar baya ta juya, jirgin ya kishingiɗa da kansa ya yi kwana. In gudu ya ragu, maimakon ya faɗo yana juyawa, sai ya riƙa sauka a hankali a kwance. Mignet yakan ɗaura shi a bayan babur ya ja shi a kan titi zuwa filin tashi.

Faransawa suna yi wa tsohuwar motar Ford ta talakawa kirari da ƙwarƙwatar hanya, saboda yawanta da kuma yadda take shiga ko'ina. Daga nan Mignet ya samo wa jirginsa suna Pou du Ciel, wato Ƙwarƙwatar Sama. Turawan Ingila da suka ga sunan ya yi musu ƙazanta, sai suka mai da shi ƙuma mai tashi a harshensu.

A watan Nuwamban 1934 ya fitar da littafinsa Le Sport de l'Air, wanda ke ɗauke da zanen kowane sashe na jirgin da hannunsa, da awo, da yadda za a yanka, da yadda za a manna, har da yadda mutum zai koya wa kansa tuƙi ba tare da malami ba: ya fara da gudu a ƙasa, sannan 'yan tsalle-tsalle, sannan ya tashi. Saƙon littafin shi ne duk wanda ya iya buga ƙusa ya haɗa akwatin kaya zai iya haɗa jirgi. Ya kai jirgin babban bajekolin jirage na Paris a ƙarshen wannan shekara, inda ya tsaya kusa da manyan jiragen kamfanoni, kuma ranar 9 ga Disamba ya tashi da shi a filin Orly a gaban jama'a. Daga nan abin ya zama kamar wutar daji. Ma'aikatan ofis, da masu gareji, da malaman makaranta, da ɗalibai, kowa ya shiga sayen katako. Wasu a ɗakin kwana suka ƙera fiffike, sai da aka gama aka ga ba zai fita ta ƙofa ba.

Ranar 13 ga Agusta 1935 Mignet ya tashi daga Saint-Inglevert a gaɓar Faransa ya sauka a Lympne ta Ingila cikin ƙasa da awa ɗaya, ya ƙetare tekun da Blériot ya ƙetare shekara ashirin da shida kafin nan. Wata ƙungiyar masu son harkar jirage ta Ingila, Air League, ta fassara littafin, bugun farko na kwafi 6,000 ya ƙare cikin ɗan lokaci. 'Yan kasuwa kuwa, kamar yadda kuka sani, ba sa barin irin wannan dama ta wuce. Kamfanoni suka fara sayar da sassan jirgin a yanke a shirye, da ƙarafansa, da farfela, mutum ya saya ya je ya ɗaura kawai. Kamfanin babura na Scott ya ƙera inji musamman dominsa, wasu kuma suka gyara injin ƙaramar motar Ford suka ɗora masa. Har Amurka labarin ya kai, inda attajirin nan mai kamfanin akwatunan rediyo, Powel Crosley, ya sa aka ƙera masa guda a 1935, wanda yanzu yake ajiye a gidan tarihin Smithsonian.

Kwana shida kacal bayan ƙetare tekun, ranar 19 ga Agusta 1935, wani da ya ƙera nasa jirgin ya faɗo ya mutu a Aljas, babban birnin Aljeriya. Wato jinin farko da wannan jirgi ya zubar a nahiyarmu ya zube. A watan Satumba wani ya mutu a Marseille, a Nuwamba wani a Caen. Da farko an ɗora laifin kan mamatan, aka ce ko ba su bi awo daidai ba, ko ba su iya tuƙi ba, kuma zancen ya shiga kunne saboda da yawansu sababbin shiga ne. Sai dai a 1936 abin ya koma Birtaniya. An rasa mutum a Renfrew ranar 20 ga Afrilu, wani a Penshurst ranar 4 ga Mayu, wani a Digby ranar 21 ga Mayu. Biyu na ƙarshen nan hafsoshin sojan sama ne da suka goge a tuƙi, kuma wanda ya mutu a Penshurst, A. M. Cowell, shi ne matuƙin da ita ƙungiyar Air League ta ɗora wa aikin gwada jiragen da mutane suka ƙera. Daga nan babu sauran mai cewa rashin iya tuƙi ne. Kuma duk waɗanda suka ga haɗurran abu ɗaya suke bayyanawa: jirgi yana tafiya lafiya, sai ya ɗan sunkuya, sai sunkuyon ya yi ta ƙaruwa har ya kafa hanci a ƙasa, wani ma ya kife a bayansa tun yana sama.

Hukumomin Aljeriya da na Suwizalan ne suka fara hana tashi da shi. A watan Yunin 1936 ministan harkokin sama na Faransa ya dakatar da shi gaba ɗaya, aka ɗauki cikakken jirgi aka kai babban ɗakin gwajin iska na Chalais-Meudon, kusa da Paris. Wannan wani katafaren gini ne da ake kafe jirgi a ciki, manyan fankoki su riƙa hura masa iska kamar yana tafiya, ana auna abin da ke faruwa da shi. Ingila ma ta yi irin wannan gwaji a Farnborough daga watan Agusta. Sakamakon ya zo ɗaya.

Ga abin da aka gano. Bayan fiffiken gaba yana rufe kan gaban fiffiken baya, akwai 'yar rata a tsakaninsu da iska ke bi. In jirgin ya sunkuya ya ɗauki gudu, matuƙi zai yi abin da kowa zai yi, ya ja sanda baya don ya ɗago hanci. Jan sandar yana sauko da bayan fiffiken gaba, ratar ta matse. Duk wanda ya taɓa danne bakin tiyo da yatsa ya san abin da ruwa yake yi: fita yake da ƙarfi. Haka iskar take fita da ƙarfi ta bi ta saman fiffiken baya, ta ƙara masa ƙarfin ɗagawa, bayan jirgi ya tashi, hanci ya ƙara nutsewa. Ke nan iya jan da matuƙi ya yi don ya tsira, iya saurin da yake yi zuwa ƙasa. In nauyin jirgin ya fi karkata baya, abin ya fi muni. Bugu da ƙari, waya ce take jan fiffiken a jiragen farko, ita kuwa waya ja kawai ta iya, ba ta turawa, da zarar iska ta koma danna fiffiken daga sama sai wayar ta saki, sanda ta zama banza a hannun matuƙi.

Mai karatu zai tambaya, to ya aka yi shi Mignet ya yi ta yawo da nasa har ƙetaren teku bai mutu ba? Talauci ne ya cece shi. Injinsa ƙarami ne, bai da kuɗin babba, kuma shi mutum ne mai tuƙi da tsoro, bai cika kai jirgin irin gudun da aibin yake bayyana ba. Waɗanda suka sa manyan injuna, da ƙwararrun da suka saba wasa da jirgi a sama, su ne suka taka wurin da tarkon yake. Akwai kuma ɗaruruwan da rashin iya aiki ya cece su: jiragensu sun yi nauyi, ko injin ya gaza, suka yi ta gudu a fili suna tsalle kamar kwaɗo ba su taɓa yin nisa da ƙasa ba.

A ganina ba za a wanke Mignet tas ba. Ɗan kasuwa ya san bambancin wanda ya sayar da kaya yana sane da aibinsa ya rufe, da wanda ya sayar bai sani ba, kuma Mignet yana cikin na biyun, domin shi da kansa yake shiga jirgin. Amma rashin sani ba ya ɗauke nauyi duka. Mutum ɗaya ne ya gwada jirgi ɗaya da inji iri ɗaya, sannan ya buga littafi yana tabbatar wa dubban mutane cewa abin ba shi da haɗari. Wanda ya sayar da buhun shinkafa da ya lalace, a dawo masa da shi ya biya. Wannan kayan ba a dawo da shi. Su ma hukumomin suna da nasu kason, domin ɗakin gwajin da ya tona aibin cikin 'yan makonni yana nan tun ana rububin sayen littafin, ba a kai jirgin can ba sai da aka binne mutane.

Abin da ya raba Mignet da 'yan damfara shi ne abin da ya yi bayan haka. Bai gudu ba, bai kuma tsaya musu ba. Ya koma kan teburinsa ya sake zane: ya matsar da fiffiken gaba yadda ba zai ƙara hawa kan na baya ba, ya sauya siffar fukafukan, ya cire waya ya sa sandar ƙarfe mai ja da turawa, ya kuma ƙayyade inda nauyin jirgi zai tsaya. Gyaran ya yi aiki, jiragen da aka ƙera bisa sabon zanen ba su sake nuna wannan aibi ba. Sai dai suna ya riga ya ɓaci. A Ingila, daga Oktoban 1936 hukuma ta daina sabunta izinin duk jirgin da ba a yi wa gyaran ba, mutane suka watse kamar kasuwa ta tashi, jirage da yawa suka ƙare a rumbu ko a murhu. A Faransa abin bai mutu ba. Hayaniyar ce ma ta tilasta wa gwamnati ta fito da wata takardar izini ta musamman a 1938 domin jiragen da mutane suka ƙera da hannunsu, wadda ta ba su damar tashi bisa sharuɗɗa bayan an duba aikin.

A 1937 wasu 'yan kasuwar Amurka suka gayyace shi yankin Chicago suka kafa kamfani da sunansa. Cinikin bai yi armashi ba, ya komo gida. Sai Yaƙin Duniya na Biyu ya zo, Jamus ta mamaye Faransa a 1940, tashi da ƙananan jirage ya tsaya. Wannan yaƙin dai shi ne ya ci Laftana Georges Koudoukou, ɗan ƙasar nan da aka raunata a Bir Hakeim ta Libiya ya rasu a Iskandariya a watan Yunin 1942, wanda sunansa ke kan babban titin da ya ratsa Kilomita Biyar ta gaban masallaci. Shi kuwa Mignet, a 1944 ya zana wa sojan Faransa wani ɗan jirgi, HM.280, mai fukafukan da ake naɗewa, wanda za a iya ɓoyewa a ja shi a kan hanya, domin kai saƙo tsakanin mayaƙa. Kaɗan aka ƙera. A watan Disamban wannan shekara, cikin ruɗanin da ya biyo bayan korar Jamusawa, aka kashe matarsa Annette.

Bayan wannan rashi Mignet ya kasa zama wuri ɗaya. Ya fitar da zanen HM.290 bayan yaƙi, wanda shi da ƙanensa HM.293 suka zama jiragen da masu ƙira a gida suka fi so a cikin duk zanensa, sannan ya bar ƙasar. Ya zauna a Ajantina, ya koma Barazil, ya je Japan a 1954 inda kamfanin Tachikawa ya ƙera samfurin jirginsa, ya kuma yi zama a Kasabalanka ta Maroko. Ko'ina labarin ɗaya ne: a karɓe shi da murna, a ƙera jirgi ɗaya ko biyu, a rasa masu saye, ya ɗaure kayansa. Mutum ne da ya iya ƙira ya kuma iya jan hankalin jama'a da alƙalami, amma ciniki bai taɓa karɓarsa ba. A ƙarshen shekarun 1950 ya komo Faransa ya ci gaba da zane, ya fitar da HM.360 mai ɗaukar mutum ɗaya da HM.380 mai ɗaukar biyu.

Kafin nan tunanin da ya shuka ya riga ya fi ƙarfinsa. A Faransa masu ƙira a gida sun kafa ƙungiyarsu ta RSA jim kaɗan bayan yaƙi, kuma tana nan har yau. A Amurka, wadda ita ma tana da nata magabatan irin su Ed Heath da ya riƙa sayar da sassan ƙaramin jirgi tun shekarun 1920, an kafa ƙungiyar EAA a 1953, taronta na shekara-shekara a garin Oshkosh yana tara dubban jirage. Kamfani ɗaya kawai a jihar Oregon, Van's Aircraft, jiragensa da mutane suka haɗa a gida suka tashi sun haura 10,000. Sai dai dokar yau ta koyi darasi daga 1936. A Amurka dole mai jirgin ya yi fiye da rabin aikin da hannunsa, mai duba na hukuma ya zo ya bincika, sannan a yi gwajin tashi na sa'o'i masu yawa a wani keɓantaccen yanki kafin a yarda ya ɗauki wani mutum.

A wajenmu ma akwai masu irin wannan ƙaiƙayin hannu. A 2007 kafofin labarai na duniya sun ɗauki labarin wani ɗalibin Jami'ar Bayero ta Kano da ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin tsohuwar motar Honda da tarkacen ƙarafa, har yana ɗan ɗagawa daga ƙasa. Jama'a sun yi ta zuwa kallo, aka yi tafi, aka watse. Wanda ya bi layin masu walda da masu gyaran babur na titin Koudoukou ya san hannu ba shi ne matsalarmu ba. Abin da irin waɗannan yara ba su da shi shi ne wurin da za a auna aikinsu a gaya musu inda zai kashe su, kafin su shiga ciki.

Henri Mignet ya rasu ranar 31 ga Agusta 1965 a Pessac, kusa da Bordeaux, saura 'yan makonni ya cika shekara 72, bai bar wata dukiya ta a zo a gani ba. Ɗansa Pierre ya ci gaba da aikin, ya kafa ƙaramin kamfani a garin Saujon, ba nisa da inda aka haifi mahaifinsa, kuma a shekarun 1980 ya fitar da jirgin HM.1000 Balerit bisa tsarin nan na fiffike biyu, ɗaya gaba ɗaya baya. Rundunar sojan ƙasa ta Faransa ta sayi sama da guda ashirin domin aikin sintiri.